Yadda za ka kare batirin wayarka daga zafin Makka da Madina

Kamfanin Apple ya rubuta cewa an ƙera iPhone ne don a yi aiki da ita a wurin da zafinsa bai wuce digiri 35 a ma'aunin Salshiyas ba, kuma Samsung ma iyakar da ya sa ke nan. A Makka kuwa, daga watan Mayu har zuwa Satumba, da wuya azahar ta yi zafi bai haura 40 ba. A hajjin 2024, ranar 17 ga Yuni, an auna digiri 51.8 a Harami. Ke nan kusan rabin shekara wayar da ke aljihunmu tana aiki ne a yanayin da ba don shi aka yi ta ba.

A ƙasar Saudiyya kuma waya ta wuce abin hira. A cikinta Nusuk yake, wato manhajar hajji da umara, a cikinta mazauna ke buɗe Absher da Tawakkalna, manhajojin ayyukan gwamnati, da ita alhaji ke nemo hanyar masaukinsa a unguwar Misfala ta Makka, da ita direba da mai kai abinci ke neman halaliyarsu. Wayar da ta ɗauke a tsakiyar Mina tana iya raba dattijo da ayarinsa na tsawon yini. Shi ya sa nake ɗaukar maganar nan da muhimmanci.

Abin da zafi ke yi wa batir

Batirin wayoyin zamani na litiyam ne, kuma a cikinsa akwai sinadari mai ruwa-ruwa da ke ɗaukar cajin daga gefe zuwa gefe. Idan zafi ya yi yawa, sinadarin yana lalacewa da sauri fiye da ƙima, wani lokaci har ya fitar da iska ya kumbura batirin. Ɓarnar ba ta gyaruwa. Kamar man suya ne da ya ƙone: ko ya huce ba zai koma yadda yake ba. Wayar za ta huce ta ci gaba da aiki kamar ba abin da ya faru, amma bayan wata huɗu sai ka ga cajin da ke kai ka magariba ya fara ƙarewa da la'asar.

Ta hanya uku zafi ke shiga waya: rana da iskar gari, caji, da aikin da kake sa ta. Idan ɗaya ce kawai daga cikinsu, galibi waya tana iya jurewa. Ɓarna ta fi zuwa ne idan biyu suka haɗu, idan kuwa ukun suka taru to an gama da batir. Duk matakan da ke ƙasa a kan raba waɗannan ukun suke. Rana ba a hannunka take ba, aiki ma wani lokaci dole ne, amma lokacin caji da wurin caji kai ke zaɓa, don haka daga nan za mu fara.

Mataki na farko: gyara lokacin caji da wurinsa

Ka mayar da cajinka zuwa dare ko bayan sallar asuba, a ɗakin da kwandishan ke aiki. Idan ka shigo daga rana wayar da ɗumi, kada ka jona ta nan take. Ka ajiye ta minti goma sha biyar zuwa ashirin ta huce tukuna. Wannan ɗan jinkirin shi ne abin da aka fi sakaci da shi, domin mutum yana shigowa ne da kashi tara cikin ɗari, hankalinsa duk yana kan soket.

Kafin ka jona, cire rigar wayar, musamman mai kaurin roba ko ta fata mai murfi. Waya ba ta da fanka a ciki, ta bayanta da gefunanta take fitar da zafi, rigar kuwa rufe su take yi. Sannan ka ɗora ta a kan abu mai tauri: tayil, tebur, ko gilas. Ban da katifa, ban da ƙarƙashin filo, ban da kan darduma ko cikin tarin kaya. A masaukin alhazai inda mutum huɗu ko biyar ke ɗaki ɗaya, za ka tarar an jona wayoyi shida a abin ƙarin soket guda, an jibga su wata kan wata a gefen gado. Kowace tana gasa 'yar'uwarta. A baza su, kowace da wurinta.

Kada ka yi aiki da ita tana caji. Kiran bidiyo zuwa gida, kallon TikTok, ko wasa a lokacin da take jone, zafi biyu ne ka haɗa da hannunka. Na san dare ne lokacin da iyalai a Kano, Sakkwato ko Damagaram ke samun sararin kira, kuma agogon Saudiyya yana gaban na gida da awa biyu, to sai kira da caji su faɗo lokaci guda. Mafita ita ce ka zare cajar, ka yi hirarka, in kun gama ka mayar.

Sai batun caji mai sauri. Cajojin Tecno, Infinix, Xiaomi da Samsung na yanzu suna tura wuta mai ƙarfi, wat 25, 33, 45, wasu har fiye. Suna da amfani idan kana gaggawa, amma sun fi ɗumama batir. Da dare ba ka gaggawar komai. A wayoyin Samsung, ka shiga saiti, ka buɗe sashen batir, za ka ga wurin kashe caji mai sauri. Wayar da ba ta da wannan maɓallin, kamar iPhone, sai ka yi mata amfani da kan caja mai ƙaramin ƙarfi cikin dare. Cajin da ake ɗora waya a kan faifai ba tare da igiya ba ya fi kowanne ɓata wuta ta zama zafi, don haka a lokacin bazara ka jingine shi.

Batir ya fi shan wahala idan yana cike taf kuma yana cikin zafi. Saboda haka ne kamfanoni suka sa tsarin tsayar da caji kafin ya cika. Daga iPhone 15 zuwa sama kana iya tsayar da shi a kashi 80. Samsung ma yana da tsarin kare batir a saiti, sababbin wayoyinsa suna tsayawa a 80, waɗanda suka ɗan kwana biyu a 85. Mazaunin da ke kusa da soket kullum, ya kunna wannan ya bar shi. Alhajin da zai fita Arfa kuwa ya cika wayarsa ɗari bisa ɗari ba tare da wani ɗar ba. Cikawar yini ɗaya ba ta kashe batir, kuma a wannan ranar caji ya fi maka komai amfani.

Game da caja, ka sayi ta kirki. Tun daga 1 ga Janairu 2025 hukumomin Saudiyya suka wajabta bakin caji na USB-C ga sababbin wayoyin da ake sayarwa a ƙasar, saboda haka caja mai kyau guda ɗaya tana iya yi wa wayoyi da dama aiki. Ta riyal biyar da ake shimfiɗawa a bakin titi ba ta daidaita wuta yadda ya kamata. Idan kan caja yana zafin da ba ka iya riƙe shi, ko igiyar ta zazzago a wuya, ka rabu da su.

Mataki na biyu: rage wa wayar aiki kafin ka fita

Wannan a ɗaki ake yin sa, cikin sanyi, minti biyar ya isa.

Ka kunna tsarin tattalin batir tun wayar tana cike, kada ka jira sai ta kai kashi 20. Yana rage gudun injin wayar, yana kuma hana manhajoji aiki a ɓoye, duka biyun suna rage ɗumi. Ka mayar da sabis daga 5G zuwa 4G. Kamfanonin layin waya na Saudiyya, STC, Mobily da Zain, duk suna da 5G a manyan birane, amma WhatsApp da Nusuk ba sa bukatarsa, kuma ya fi jan wuta. Ka kashe Bluetooth da raba data idan ba ka amfani da su. Wanda ya mayar da wayarsa tashar intanet ga 'yan ɗakinsu ya sani cewa yana cikin ayyukan da suka fi gasa waya.

Idan ka zo da layin gida, MTN ne ko Airtel, kuma ka sa na Saudiyya a ɗaya gurbin, ka kashe na gidan a saiti in ba kana jiran saƙon banki ba. Layi biyu aiki biyu ne. WhatsApp ɗinka zai ci gaba da aiki da lambarka ta gida ko da layin a kashe yake.

Ka sauke taswirar Makka da Madina a Google Maps tun kana kan intanet ɗin masauki, don ta buɗe ko babu data. Ka kuma hana wayar ɗora hotuna da bidiyo kan intanet da kanta sai ta samu Wi-Fi, domin wannan aiki ne da take yi a aljihunka ba ka sani ba.

Allo shi ne babban mai cin wuta. A tsakar rana wayar tana ƙure haskenta don ka iya gani, minti goma a haka sun isa su ɗumama ta. Maimakon ka tsaya a rana kana ƙanƙance ido, ka matsa inuwa ko ka sa ta ƙarƙashin lemarka, ka duba abin da za ka duba, ka mayar.

Mataki na uku: inda za ka sa ta a jikinka

Hasken rana kai tsaye ya fi zafin iska illa nesa ba kusa ba. Baƙar waya a rana tana iya wuce zafin gari da digiri goma ko fiye cikin ɗan lokaci. Don haka doka ta farko a waje ita ce kada rana ta gan ta.

Mai harami ba shi da aljihu, bel ne ma'ajiyarsa. Ka zaɓi farin bel a kan baƙi, ka juya aljihun wayar gefen da mayafinka ke rufewa. Hajiya, idan a jakar rataye kike sa ta, ki sa ta can ciki tsakanin kaya, kada ki bar ta a aljihun waje da ke kallon rana, kuma jaka mai haske ta fi baƙa. Jakar roba mai rufewa ruf da ake ratayawa a wuya tana kare ruwa, amma tana tsare zafi a ciki. Tana da amfani a wuraren da ake fesa ruwa a hanyoyin Mina da Arfa, sai dai a riƙa buɗe ta ana shan iska.

Kada a haɗa waya da fawa banki a aljihu ɗaya ana caji ana tafiya a rana. Wannan shi ne haɗuwar zafi uku da na ambata, kuma shi na fi gani a hanyar jifa. In caji ya zama dole, a nemi inuwa a zauna, a fito da su duka biyu, a yi na minti ashirin, a zare.

Lokacin salla a farfajiya, farin marmaran da ke kewaye da Ka'aba ba ya ɗaukar zafi sosai, amma wayar da aka ajiye a kansa tana kallon sama rana ce ke dukanta. Ka sa ta cikin jaka ko ka rufe ta da gefen darduma. A Madina manyan lemomin farfajiyar Masallacin Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, guda 250 ne, samun inuwa ba ya wuya.

Ɗaukar bidiyo mai tsawo da kai-tsaye a Facebook ko TikTok suna haɗa kyamara, allo da sabis a lokaci ɗaya. Babu abin da ya kai su saurin sa waya ta ɗauke. Ka ɗauki gajere, ka aika da dare.

Mataki na huɗu: mota

Direbobi da masu kai saƙo su ne suka fi kowa asarar batir a ƙasar nan, domin aikinsu ya tilasta musu taswira a kunne, allo a buɗe, caja a jone. Motar da aka ajiye a rana da gilasai a rufe, cikinta yana wuce digiri 60, saman dashbod kuwa ya fi haka. Apple ya ce ko a kashe take kada a ajiye waya a inda ya wuce 45. Saboda haka ba a barin waya ko fawa banki a mota, ko da shiga masallaci za ka yi ka fito. Aljihun dashbod ma ba mafaka ba ne.

Ka sauya mariƙin waya. Wanda ake mannawa a gilashin gaba yana miƙa ta ga rana ne. Ka sayi wanda ake maƙalawa a bakin iskar kwandishan, iska mai sanyi ta riƙa bugun bayanta. Wannan sauyin kaɗai yana iya ƙara wa batirin direba rai sosai. Idan ka shiga motar da ta sha rana, ka bari ta huce kafin ka jona caji. In ka san hanya, ka kashe allon ka bi muryar taswira.

Mai babur ba shi da kwandishan. Ya samo mariƙi mai 'yar rumfa a sama, ya cire rigar wayar, kuma ya yi cajinsa a inuwa lokacin jiran oda, ba a kan hanya ba. Hukuma tana hana aiki a rana daga ƙarfe 12 zuwa 3 na rana, daga 15 ga Yuni zuwa 15 ga Satumba kowace shekara. Awannin da aka ga sun fi ƙarfin ɗan Adam, sun fi ƙarfin batir ma.

Mataki na biyar: idan ta riga ta yi zafi

Alamomin a bayyane suke. Allo zai dushe da kansa, wayar ta yi nauyin aiki, fitilar kyamara ta ƙi kunnuwa, caji ya tsaya, daga ƙarshe ta fito da gargaɗin cewa sai ta huce. Wannan ba lalacewa ba ce, kare kanta take yi, kada ka yi ta dannawa kana tilasta ta.

Ka zare caja. Ka cire riga. Ka rufe abin da kake yi, in da hali ka kashe ta ɗungurungum. Ka ajiye ta a inuwa a kan tayil, gaban fanka ko inda iskar kwandishan ke kaiwa. Minti goma zuwa ashirin sun wadatar.

Kada ka sa ta a firji, kada ka ɗora ta a kan ƙanƙara, kada ka manna mata gorar ruwa mai raɓa. Sanyin farat ɗaya yana sa tururin da ke cikin wayar ya zama ɗigon ruwa a kan na'urorinta, sai a gudu daga zafi a faɗa tsatsa. Tsoma ta a ruwa ma haka, ko da an ce ba ta jin ruwa, domin gam ɗin da ke toshe ta yana saki da tsufa da zafi.

Wanda ke son ya ga lamba da idonsa, manhajoji irin su AccuBattery a Android suna nuna zafin batir. A nawa ganin, ƙasa da 35 lafiya lau, in ya kai 40 a dakatar da caji, in ya doshi 45 a kashe wayar.

Kwanakin Mina da Arfa

A nan akwai wani zafin da ba a cika lura da shi ba. Idan sabis ya yi rauni ko mutane suka yi masa yawa, waya tana ƙara ƙarfi wajen neman turken sabis, sai ta yi ɗumi tana cin caji alhali ba ka taɓa ta ba. Wuri ne da mutum sama da miliyan ɗaya da rabi ke taruwa a fili guda. Idan kana zaune cikin tanti tare da ayarinka, ka kashe data, ko ka sa wayar a yanayin jirgi, ka riƙa buɗewa lokaci-lokaci. Amma da zarar za ka fita, ko kana da tsoho ko mara lafiya da zai iya nemanka, ka bar layin kira a buɗe. Ran mutum yana gaba da batir.

Ka rubuta lambar tantinka, sunan masaukinka da lambar jagoranku a takarda, ka sa a bel tare da katin Nusuk. Takarda ba ta ɗaukewa.

A cikin tanti, soket kaɗan ne mutane da yawa, sai ka ga an tura waya ƙarƙashin katifa tana caji don gudun ɓata. Tun bayan gobarar Mina ta 1997 aka koma tantuna masu jure wuta, amma katifa da bargo da kayan sawa suna ci. Ka yi caji kana zaune kusa da ita, a sarari.

Fawa banki batir ne shi ma, duk abin da aka faɗa ya hau kansa. Ka cika shi da dare, ka ajiye shi a inuwa. Mai ƙarfin 10,000 ko 20,000 mAh ya ishi alhaji. A jirgi ba a sa shi a akwatin da za a auna, sai a jakar hannu, kuma iyakar da aka saba yarda da ita ba tare da neman izini ba ita ce wat-awa 100, wato kusan 27,000 mAh. Wayar da ka zo da ita daga gida ba ka amfani da ita, ka bar ta da rabin caji, ka kashe ta, ka ajiye a ɗaki mai sanyi.

Batirin da ya kumbura

Ka ɗora wayar a kan tebur. Idan tana lilo, ko murfin baya ya ɗaga, ko allon ya fara rabuwa da jiki, batirin ya kumbura. Daga wannan lokacin ba a sake jona ta. Kada ka danne ta don ta koma, kada ka ɗaure da roba ka ci gaba, kada kuma ka huda batirin don iska ta fita, hudawar nan ce ke tayar da wuta. Ka kashe ta, ka ajiye a kan tayil nesa da yara da kayan sawa, ka kai wa mai gyara a ranar. Kada ka hau jirgi da ita a haka.

Idan ta fara hayaƙi ko wani wari mai kama da na sinadari, kada ka ɗauka da hannu, kada ka shaƙa. Ka kashe wuta daga soket in za ka iya ba tare da kusantarta ba, ka fitar da mutane, ka buɗe taga. In wuta ta kama wani abu, ka kira 998, ko 911 a yankin Makka.

Ko bai kumbura ba, batir yana tsufa. iPhone tana nuna lafiyarsa a saiti, Samsung kuma a manhajar Samsung Members. In ya sauka ƙasa da kashi 80, zai riƙa saurin ɗumi da saurin ƙarewa, canza shi ya fi sayen sabuwar waya sauƙi. Ka je wurin wakilin kamfanin ko shago mai ba da rasit da garanti. A Jidda titin Falasɗin cike yake da shagunan waya, ka zaga biyu ko uku ka ji farashi. Ka tambaya ko batirin na asali ne, ka nemi a buɗe kwalinsa a gabanka, tsohon kuma ka bar musu shi, kada ka kai shi kwandon sharar gida. Wanda ke shirin zuwa hajji ko umara da wayar da ta haura shekara uku, ya canza batirin tun a gida, mako biyu kafin tashi, don ya gwada shi ya tabbatar yana riƙe caji.